Sanyin Hunturu da Saitin Injin A-kori-kura Mai Sufacaja: Tambayoyi da Amsoshi

A Amurka da Kanada akwai wani rukunin motocin a-kori-kura da aka ƙera domin ƙarfi da gudu, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sufacaja, wato na'urar da bel ke juyawa daga jikin inji, tana cusa iska cikin silinda fiye da abin da injin zai iya zuƙa da kansa. Ford SVT Lightning da aka ƙera daga 1999 zuwa 2004 tana da inji mai lita 5.4 da sufacajar kamfanin Eaton, ta fara da ƙarfin doki 360, ta kai 380 daga 2001. Ram 1500 TRX ta fito a matsayin samfurin 2021 da inji mai lita 6.2 da ƙarfin doki 702, ita kuwa Ford F-150 Raptor R ta zo a 2023 da lita 5.2 da ƙarfin doki 700, aka ɗaga shi zuwa 720 a 2024. Ban da waɗannan, akwai ɗimbin motoci na yau da kullum da masu su suka ɗora wa sufacajar Whipple, Roush, Magnuson ko ProCharger, sannan suka kai su wurin mai saiti ya sake rubuta lissafin da ke cikin kwamfutar motar. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi abin da ke faruwa da wannan lissafi idan hunturu ya kama.

Me ya sa motar take ƙara ƙarfi idan gari ya yi sanyi?

Iska mai sanyi ta fi iska mai zafi nauyi, domin sanyi yana tsuke ta wuri guda. A daidai bakin teku, kubik mita ɗaya na iska yana da nauyin kimanin kilogiram 1.16 idan zafin gari yana digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, ya koma 1.29 a digiri sifili, sannan ya kai kusan 1.39 a digiri 20 ƙasa da sifili, wanda sanyi ne da mutanen Minnesota, Dakota ta Arewa da lardin Alberta suka saba gani kowace shekara. Abin da inji ke nema a cikin iska shi ne oksijin da zai ƙona mai da shi, saboda haka kowace lita da sufacaja ta ɗebo a watan Janairu tana ɗauke da oksijin fiye da wadda ta ɗebo a watan Yuli. Tsakanin digiri 30 da digiri 10 ƙasa da sifili, bambancin ya kai kashi 15 cikin 100.

Akwai kuma riba ta biyu da mutane ba su cika lura da ita ba. Matse iska yana sa ta yi zafi, kuma a lokacin bazara, idan na'urar auna zafi da ke bayan intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da sufacaja ta matse, ta nuna iskar ta ɗumama da yawa, kwamfuta tana janye taimin, wato tana jinkirta tartsatsin fulogi domin kare injin. Da sanyi babu dalilin janyewa, sai injin ya samu cikakken taimin ɗinsa a daidai lokacin da iskar ma ta ƙaru. Ƙa'idar SAE J1349, wadda kamfanoni ke bayyana ƙarfin inji da ita, ta ɗauki digiri 25 a matsayin mizani, kuma lissafinta yana nuna ƙarin kusan kashi 1 cikin 100 ga kowane digiri biyar zuwa shida da gari ya sauka. Ko da wannan lissafi mai sassauci aka bi, saukar digiri 40 tana iya ba inji mai ƙarfin doki 700 ƙarin dawaki kusan 50, matuƙar kwamfutar ba ta taka masa birki ba.

Shin sufacaja da turbo ɗaya suke a wannan fanni?

Ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne asalin matsalar take. Hayaƙin salansa ne ke juya turbo, kuma kwamfuta tana da bawul da take buɗewa ta karkatar da hayaƙin idan ta ga abin ya isa. A injuna irin EcoBoost na Ford, kwamfutar tana neman wani adadi na ƙarfin juyi ne, idan iska ta yi nauyi sai ta rage matsin turbo, ta samu abin da take so da ƙaramin aiki. Sufacaja kuwa bel ne ke ɗaure da ita, gudun inji da girman fuli su ne ke yanke yawan juyinta, kuma fuli bai san bazara ko hunturu ba.

Nau'in Roots, wanda 'yan'uwa biyu Philander da Francis Roots na garin Connersville a jihar Indiana suka yi wa rajista a 1860, da nau'in mai sukurori biyu irin na Whipple da wanda ke kan TRX, duk suna ɗebo girman iska iri ɗaya a kowane juyi, saboda haka idan iskar ta yi nauyi, nauyin da ke shiga inji ya ƙaru kai tsaye. Nau'in da ke aiki da farfela mai tsananin gudu, irin na ProCharger, ya ma fi jin sanyi, domin matsin da yake samarwa a gudu ɗaya yana hawa idan iskar da ke shigarsa ta yi sanyi. Sababbin motoci kamar TRX suna da bawul na lantarki da kwamfuta ke iya buɗewa ta zubar da wani ɓangare na matsin, amma a tsofaffi da galibin waɗanda aka ɗora wa sufacaja daga baya, bawul ɗin yana rufewa ne kawai idan an taka totur, ba ya auna komai.

Tun da iska mai sanyi tana rage ƙwanƙwasa, ina haɗarin yake?

Gaskiya ne cewa iska mai sanyi ta fi jure matsi kafin man da ke cikinta ya fashe da kansa ba bisa tsari ba, abin da ake ji kamar ƙwanƙwasar ƙarfe a cikin inji. Sai dai wannan rabin labarin ne. Ƙarin iska da ƙarin mai da cikakken taimin suna haifar da ƙarin matsi a kan fistan, kuma konrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistan, da metal, da gasket ɗin tof silinda duk suna da iyakar abin da za su ɗauka, ko da ba a samu ƙwanƙwasa ko sau ɗaya ba. Masu tsohuwar Lightning sun daɗe da sanin cewa konrod shi ne raunin injin nan mai lita 5.4, kuma motar da aka ƙara wa matsi ta wuce bazara lafiya tana iya karya shi a safiya mai tsananin sanyi, a daidai lokacin da direba ke jin daɗin cewa motar ba ta taɓa ja haka ba.

Abu na biyu shi ne ƙarancin mai. Fetur zalla yana ƙonewa daidai ne a kan iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, wanda aka gauraya da etanol kashi 10 cikin 100 kuma a kan kusan 14.1, amma idan sufacaja tana kan aiki ana zuba mai fiye da haka da gangan, a sauko wajen 11.5 zuwa 12, domin rarar man ta sanyaya silinda. Idan iska ta ƙaru kuma mai bai biyo ta ba, wannan kariya ta tafi, zafin ƙonewa ya hau, sai ƙwanƙwasar da sanyi ya kamata ya hana ta dawo ta wata ƙofa, ta fasa gefen fistan ko ta narkar da bakin fulogi.

Ashe kwamfutar motar ba ta gyara wannan da kanta?

Tana gyarawa, muddin na'urorin da take dogara da su suna iya ganin abin da ke faruwa, kuma muddin wanda ya yi saitin bai lalata wuraren da ke kula da zafin iska ba. Hanyoyi biyu ake bi wajen sanin yawan iska. Ta farko ita ce na'urar MAF, wadda ke auna nauyin iskar da ke wucewa ta bututu, kuma wannan ba ta damu da yanayi ba, domin nauyin take aunawa kai tsaye. Rauninta shi ne tana da rufi. A Lightning, na'urar tana aika saƙo da wutar da ba ta wuce bolt 5, idan aka sa fulin da ke ƙara matsi har ta riƙa kaiwa kusa da wannan iyaka a bazara, to da sanyi za ta buga rufin, daga nan duk iskar da ta ƙaru kwamfuta ba ta ganin ta, ba ta kuma zuba mata mai.

Hanya ta biyu ita ce lissafi daga matsin iska a cikin manifol, wato bututun da ke rarraba iska ga silinda, da zafinta, da gudun inji, wadda injunan Hemi suka dogara da ita. A nan na'urar auna zafi tana da muhimmanci ƙwarai, kuma tana iya yin ƙarya ba da niyya ba. Idan mota ta daɗe a tsaye inji yana aiki, ƙarfen da na'urar ke maƙale a jikinsa ya ɗauki zafi, sai ta ce iska tana da ɗumi alhali da zarar an taka totur iska mai ƙanƙara ce ke kwararowa. Kwamfuta za ta lissafa iska ƙasa da wadda ta shiga, ta zuba mai ƙasa da yadda ya kamata na 'yan daƙiƙoƙi. Kamfanoni suna da jadawalin da ke daidaita wannan, amma an rubuta shi ne domin manifol na asali.

Akwai kuma aikin ganganci. Wasu masu saiti, domin lambar da za ta fito a kan daino, wato na'urar gwada ƙarfin inji, ta burge mai mota, suna rage ikon kwamfuta na janye taimin, ko su dusashe jin na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa da hujjar cewa ƙarar sufacaja tana ruɗa ta. Wasu kuma suna ɗora sufacaja su bar na'urar auna zafi a gabanta, inda take auna iskar waje, maimakon a mayar da ita bayan intakula inda za ta auna iskar da silinda ke samu. A ganina wannan na ƙarshe shi ne abu na farko da ya kamata mai sayen motar hannu ya tambaya.

Motar da ba a taɓa komai a jikinta ba fa?

Wannan ba ta da abin damuwa. Kamfanonin ƙera motoci suna gwada su a wurare masu tsananin sanyi, kuma suna barin rara mai yawa a nozul, da famfon mai, da taimin. Abin da ake buƙata daga mai ita shi ne man da littafin motar ya ce, da haƙuri har inji ya ɗumama.

Ta yaya nozul da famfon mai suke gazawa a hunturu alhali sun isa a bazara?

Ana auna aikin nozul da yawan lokacin da yake buɗe a cikin kowane zagayen inji, kuma masu saiti na kirki ba sa son ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin 100. A ɗauka an yi saitin mota a rana mai digiri 30, aka ga nozul yana aiki kashi 88, aka ce ai da saura. Idan gari ya sauka zuwa digiri 10 ƙasa da sifili, iska ta ƙaru da kashi 15 cikin 100, buƙatar mai ma haka, sai 88 ta koma 101, wato ana neman nozul ya buɗe fiye da lokacin da ake da shi. Haka famfon mai yake, yana iya riƙe matsinsa har ƙarshen giya a watan Agusta, ya fara sakewa a saman gudun inji a watan Disamba. Sababbin motocin Ford suna da na'urar oksijin mai faɗin awo wadda ke ba kwamfuta damar gyara cakuɗar mai ko da an danne totur har ƙasa, amma kwamfuta ba za ta iya umartar nozul ya ba da abin da ba shi da shi ba.

Gaskiya ne fetur ɗin hunturu ya bambanta da na bazara?

Gaskiya ne a Amurka. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, hukumar kare muhalli ta EPA tana taƙaita saurin tururin fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen mai zuwa psi 9 (psi ma'aunin matsi ne), a wasu yankuna ma ƙasa da haka, amma da hunturu yana iya kaiwa psi 15, domin matatu suna ƙara masa butan saboda mota ta tashi da sauƙi. Lambar oktan da ke jikin famfo ba ta canzawa, 91 ko 93 tana nan yadda take, sai dai ƙarfin da ke cikin lita ɗaya yana ɗan raguwa, da abin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Wannan ƙaramin bambanci ne da kwamfuta ke shanyewa cikin sauƙi, kuma ana yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Masu amfani da E85, wato fetur da aka gauraya da etanol mai yawa, fa?

Su ne suka fi kowa buƙatar lura. Sunan yana sa a zaci kullum etanol kashi 85 ne a ciki, alhali ƙa'idar ASTM D5798 ta yarda ya kasance tsakanin kashi 51 zuwa 83 cikin 100, kuma a jihohi masu sanyi ana rage etanol ɗin da hunturu ne saboda ba ya tururi sosai idan gari ya sauka ƙasa da digiri goma sha wani abu, abin da ke sa inji wuyar tashi. Motar da aka yi wa saiti a kan etanol mai yawa, aka ba ta taimin mai tsauri saboda etanol yana jure ƙwanƙwasa, idan ta sha na hunturu mai za ya yi mata yawa kaɗan, amma juriyar da aka gina taimin a kanta ta ragu. Maganin shi ne a sa na'urar da ke auna yawan etanol a layin mai, a haɗa ta da kwamfuta, ko kuma a riƙa gwada man da kwalbar gwaji kafin a cika tanki.

Me ya sa motar take wuyar tashi da safe, ko take tari tana mutuwa, tun bayan da aka yi mata saiti?

Galibi saboda an yi saitin ne inji yana da ɗumi, ba a taɓa ganin motar a safiyar sanyi ba. Idan inji ya kwana a ƙanƙara, wani ɓangare na man da nozul ya fesa yana liƙewa a bangon bututu da silinda maimakon ya zama tururi, shi ya sa kwamfuta take zuba ƙari a farko, ta ɗaga gudun inji, ta jinkirta taimin domin katalis, wato matacin hayaƙi da ke cikin salansa, ya yi saurin kaiwa zafin da yake fara aiki, wajen digiri 250 zuwa 300. Duk waɗannan jadawali an rubuta su ne domin nozul da totur na asali. Idan an sa manyan nozul, sai an shigar da bayanansu daidai, musamman ɗan lokacin da suke ɗauka kafin su buɗe, wanda ke ƙaruwa idan wutar batir ta yi ƙasa. Batir kuwa yana rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa a digiri sifili, shi ya sa ake auna ƙarfin tayar da inji na batir a digiri 18 ƙasa da sifili. Kuskuren da ba a gani a bolt 14 yana fitowa fili a bolt 10 lokacin da kik ke jan wuta.

Fulogi ma yana da hannu. Motar da aka ƙara wa matsi ana sa mata fulogin da ke saurin zubar da zafi, kuma irin wannan ba ya ƙone dattin da ke kansa idan tafiyar gajera ce. Wanda ya kwance shi bayan mako guda na zirga-zirgar cikin gari zai tarar da bakinsa baƙi ƙirin, wani lokaci ma jiƙe da fetur.

Har yaushe ya kamata a jira kafin a taka motar sosai?

Har sai baƙin mai ya ɗumama, kuma allurar zafin ruwa ba ita ce shaida ba, domin ruwa yana riga baƙin mai yin zafi da tazara mai yawa. Barin mota a tsaye tana aiki na tsawon lokaci ba ya taimakawa kamar yadda ake zato, saboda inji a tsaye ba ya samar da zafi sosai, kuma rarar fetur tana gangarawa ta gefen fistan ta shiga baƙin mai. Abin da ya fi shi ne a ba ta minti ɗaya ko biyu, a tashi a hankali, a riƙa taka totur sama-sama yadda bawul ɗin sufacaja zai kasance a buɗe, sai baƙin mai ya kai wajen digiri 80 sannan a nemi ƙarfi. Injin da aka sake ginawa da fistan na tsere ya fi buƙatar wannan haƙuri, domin ana barin tazara mai ɗan yawa tsakanin fistan da silinda saboda ƙarfen yana kumbura idan ya yi zafi. A Kanada da arewacin Amurka ana jona hita ta jikin inji da wutar gida na 'yan sa'o'i kafin a tayar da mota, kuma wannan yana rage yawancin wahalar.

Ya kamata a canza baƙin mai saboda hunturu?

A bi abin da kamfani ya rubuta, domin an riga an yi la'akari da sanyi: TRX tana shan 0W-40, Raptor R kuma 5W-50. Lambar farko ita ce ke nuna halin man a sanyi, ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30 ƙasa da sifili, 10W a 25 ƙasa da sifili. Abin da ya fi kaurin baƙin mai muhimmanci shi ne ruwan da ke taruwa a cikinsa. Ƙonewar fetur tana samar da tururin ruwa, wani ɓangare yana sauka cikin inji, idan kuma baƙin mai bai taɓa yin zafin da zai kore shi ba sai ya taru. Mai mota yana buɗe murfin zuba mai ya ga wani abu fari-fari mai ɗan rawaya kamar kindirmo ya liƙe a ƙarƙashinsa, hankalinsa ya tashi ya zaci gasket ya ƙone, alhali sau da yawa gajerun tafiye-tafiye ne kawai. Waɗanda suka sa gwangwanin tare tururin mai a layin numfashin inji su riƙa zubar da shi a kai a kai, domin da hunturu rabinsa ruwa ne, idan ya daskare ya toshe layin, matsin da ya taru a cikin inji zai nemi hanyar fita ta sil.

Me ya kamata a duba a intakula da tamostat?

Lightning, TRX da Raptor R duk suna sanyaya iskar sufacaja da ruwa ne, ta wani layi na daban mai ƙaramin famfo da ƙaramin lagireto a gaba. Masu zuwa filin tsere kan cika wannan layi da ruwa zalla a bazara, domin ya fi ɗaukar zafi, sannan su manta. Ruwa idan ya daskare yana kumbura, ya tsaga intakular da ke ƙarƙashin sufacaja, kuma idan ya narke cikin manifol zai zuba. Cakuɗa rabi ruwa rabi maganin hana daskarewa yana kariya har kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Shi kuwa tamostat mai buɗewa da wuri, irin mai digiri 71 da ake yawan sakawa tare da saiti, da hunturu yana hana inji kaiwa zafin aikinsa, hita ta ƙi ɗumi, mai ya riƙa tafiya, wani lokaci fitilar gargaɗi ta kama da lambar P0128.

Bel, giya da taya suna shiga cikin lissafin?

Suna shiga. Matse iska mai nauyi yana buƙatar ƙarin ƙarfi daga bel a daidai lokacin da sanyi ya sa robarsa ta ƙage, kuma ƙaramin fuli yana rage wurin da bel ke kamawa. Alamar zamewa ita ce baƙar ƙura mai laushi a kan hancin sufacaja, da matsin iska da ke faɗuwa a saman gudun inji maimakon ya tsaya. Taya tana rasa kusan psi 1 ga kowane digiri biyar zuwa shida, kuma tayar bazara tana taurarewa ƙasa da digiri 7, wanda babbar magana ce ga Lightning da ke ja da ƙafafun baya kaɗai babu nauyi a bodinta. Taya ta yi ta juyawa a wofi sannan ta kama busasshiyar kwalta farat ɗaya, wannan fizga ce ke cin giya da shaf.

Ke nan sai an yi saiti biyu, na bazara da na hunturu?

Saiti ɗaya da aka yi da kyau ya isa, domin kwamfutar tana da jadawalin zafin iska da na zafin ruwa da aka tanada saboda wannan aiki. Sharaɗin shi ne mai saiti ya yi lissafinsa a kan iska mafi nauyi da motar za ta taɓa shaƙa, ya bar rara a nozul, da famfo, da na'urar auna iska, ko da hakan zai rage dawaki goma ko ashirin a takardar daino. Takardar ma tana iya ruɗarwa, domin lambar da ke kanta an riga an daidaita ta zuwa yanayin mizani, alhali konrod ainihin ƙarfin ranar yake ɗauka. Inda saiti na biyu yake da amfani shi ne motar da aka kai bakin iyakarta, ko wadda aka saita a Texas ko Florida aka koma da ita Michigan. A irin wannan hali mayar da fuli mai rage matsi na tsawon hunturu ya fi kowace dabara sauƙi da arha.

Hanyar tabbatarwa ita ce a naɗi bayanan inji da na'ura irin ta HP Tuners ko SCT a ranar farko da sanyi ya kama sosai, bayan inji ya ɗumama, a wurin da doka ta yarda a taka mota. A kwatanta cakuɗar man da kwamfuta ta nema da wadda aka samu, a dubi matsin mai ko yana faɗuwa, da aikin nozul, da karatun na'urar iska ko ya miƙe a layi ɗaya a sama, da yawan taimin da aka janye saboda ƙwanƙwasa, sannan a aika wa mai saitin.

Wanda ya shigo da irin wannan mota Najeriya ko Nijar, hunturunmu zai yi mata wannan tasiri?

Zai yi, amma kaɗan. Tsakanin rana mai digiri 40 a Kano cikin watan Afrilu da safiyar Janairu mai digiri 13, nauyin iska ya bambanta da kusan kashi 9 cikin 100, wanda ya isa direba ya ji motar ta ƙara kuzari, kuma ya isa ya tona asirin saitin da ba a bar masa rara ba. Jos ta fi sanyi, sai dai tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda matsin iska ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100, saboda haka abin da sanyi ya ƙara tsayi ya riga ya kwashe. Daskarewar ruwan intakula ba damuwarmu ba ce.

Abubuwan da suka fi barazana a nan daban ne. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska da wuri, kuma filta mai jiƙe da mai, irin wadda ake sakawa don ƙarin numfashi, tana barin datti ya hau kan siririyar wayar MAF har ta fara auna iska ƙasa da gaskiya. Al'adar cire tamostat da jona fanka kai tsaye, wadda ta zama ruwan dare a garejinmu, tana sa kwamfuta ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta ci gaba da zuba rarar mai tsawon safiya, haka kuma zuba 20W-50 a injin da aka ƙera domin 0W-40 yana jinkirta isar mai zuwa metal a tashin farko. Sai kuma fetur. Lambar oktan ta Amurka matsakaicin awo biyu ce, 91 ɗinsu da ake so a zuba wa TRX ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a nan, 93 kuma kusan 98, alhali galibin gidajen manmu aji ɗaya suke sayarwa kuma bai kai haka ba. Motar da ta zo da saitin da aka yi a kan 93 tana buƙatar a mayar da ita saitin kamfani da fulinta na asali kafin a fara taka ta da man gida.